Talla Ta Ci Kuɗi, Shin Ta Kawo Ciniki? Alƙaluman Da Ya Kamata Ɗan Kasuwa Ya Riƙa Dubawa

Daga wakilinmu a Birnin Ƙonni

Wata ranar Laraba da la'asar, kasuwa ta fara watsewa, wani Alhaji mai sayar da atamfa da shadda ya shigo gidan rediyon da nake aiki tare da babban ɗansa, domin su biya kuɗin sanarwar da muke karanta masu. Kafin in gama rubuta takardar shaidar biya, gardama ta kaure tsakaninsu. Ɗan ya zaro waya yana nuna wa mahaifinsa wani bidiyon shagonsu da wani mai barkwanci ya ɗora a TikTok, yana murna cewa dubban mutane sun kalla, don haka a ganinsa kuɗin da ake kawo wa rediyo gara a ƙara wa mai bidiyon. Alhaji ya karɓi wayar, ya duba, ya mayar masa, sannan ya ce: "To cikin dubban nan, turmi nawa suka saya?" Yaro ya yi shiru. Sai Alhajin ya juyo gare ni ya ce: "Kai ma Malam, tambayar ta shafe ka. Wata huɗu ke nan ina biyanku, mutum nawa kuka kawo mani?" Ni ma na yi shiru, domin gaskiyar magana ban sani ba.

Wannan tambaya ta Alhaji ita ce dalilin wannan rubutu. A yau da wuya ka shiga kasuwar bakin iyaka, tun daga Gaya har Ƙonni, Maraɗi, Matamaye da Magarya, ba ka tarar da ɗan kasuwar da ke kashe wani abu wajen tallata hajarsa ba. Wani rediyo yake biya, wani yaro ya ɗauka mai kula masa da shafin Facebook, wani kuma kullum da safe sai ya jera hotunan kaya a WhatsApp. Kuɗi na fita kowane wata, amma ƙalilan ne za su iya buɗe kaye su nuna maka wace hanya ce ta mayar da kuɗinta har da riba, wacce ce kuma take cin jari a ɓoye.

Daga mai shela zuwa wayar hannu

Talla daɗaɗɗiyar sana'a ce a ƙasar Hausa. A da, wanda ya sauke sababbin kaya yakan sa mai shela ko maroƙi ya zagaya da labari, ko ya dogara ga dillalai da masu masauki su kawo masa baƙi. Awon ribar wannan talla ba ya da wuya, domin dillali da ƙafarsa yake kawo mai saye, a yi ciniki a gabansa, a ba shi la'adarsa. Wanda bai kawo kowa ba, ba ya karɓar komai.

Daga baya abubuwa suka sauya. A shekarun 1990 gidajen rediyo masu zaman kansu suka fara aiki a Nijar, daga 1999 kuma aka soma kafa rediyoyin al'umma a karkara, inda aka fara da na Bankilare. Wayar salula ta shigo ƙasar a 2001, kuma ƴan kasuwa na cikin waɗanda suka fara cin moriyarta. Wata masaniyar tattalin arziki ƴar Amurka, Jenny Aker, ta bi diddigin kasuwannin hatsi na Nijar tsakanin 2001 da 2006, ta gano cewa zuwan salula ya rage tazarar farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin 100, saboda ɗan kasuwa yakan buga waya ya ji farashi kafin ya ɗora kaya a mota. A 2018 aka fito da WhatsApp Business, wato nau'in WhatsApp da aka keɓe domin masu sana'a.

Saɓanin dillali, waɗannan sababbin hanyoyi kuɗi suke karɓa tun kafin a ga mai saye, kuma kowacce tana zuwa da nata rahoto. Buɗe shafin kasuwanci a Facebook ko TikTok, za ka tarar da lambobi jere, da zane-zane masu hawa da sauka, kore da ja. A jiya kukan ɗan kasuwa shi ne rashin labari. Yau labarin ya yi yawa har ya rufe masa ido, bai san wanda zai kama ba.

Darasi daga allon gaban direba

Duk wanda ya taɓa zama gidan gaba a babbar mota, daga Galmi da lodin albasa ko daga Dawanau da masara, ya san allon nan da ke gaban direba, wanda ƴan mota ke kira tabulo. Motar tana da ɗaruruwan sassa, amma abin da aka sa wa direba a gaban idonsa bai wuce ƴan abubuwa ba: yawan man da ya rage, zafin inji, ƙarfin baƙin mai, iskar birki da gudun mota. An zaɓe su ne domin kowane ɗaya idan ya motsa akwai abin da direba zai yi nan take, ko ya tsaya, ko ya rage gudu, ko ya nemi gidan mai. Da za a cika allon da allurai hamsin, da direba bai ga wadda ke gaya masa inji na shirin ƙonewa ba.

Masu harkar talla a manyan kamfanoni wannan suna suka ara, suka laƙaba wa shafi guda da ake tara masu muhimman alƙaluma a kai. Ɗan kasuwar Ƙonni ko Jibiya ba ya buƙatar kwamfuta kafin ya mallaki irin wannan allo. Shafi guda na kaye ya isa, muddin ya san abin da zai sa a ciki da abin da zai bari a waje.

Kafin ka ba kowace lamba wuri a shafinka, yi mata tambayoyi uku. Idan ta hau ko ta sauka, akwai abin da zan sauya a shagona? Tana da alaƙa da kayan da suka fita da kuɗin da suka shigo? Zan iya gwada ta da abin da ke rubuce a kayena, ko kuwa sai dai in yarda da bakin wanda ya kawo mani ita? Lambar da ta kasa amsa waɗannan tambayoyi, ko da ta kai miliyan, ado ce kawai.

Lambobi masu daɗin kallo

Mafi ruɗin ƴan kasuwa shi ne yawan masu kallo. Ya kamata a san yadda ake ƙirga shi. A TikTok, da zarar bidiyo ya fara motsi a wayar mutum an ƙirga kallo guda, ko da a daƙiƙar nan ya ture shi da yatsa ya wuce, kuma mutum ɗaya yana iya kallo sau da yawa a ƙirga masa duka. A cikin alƙaluman Facebook akwai wanda ke lissafa duk wanda ya tsaya a kan bidiyo daƙiƙa 3 kacal. Ka kwatanta da rumfarka ranar kasuwa: mutum nawa ne ke wucewa ta gabanta su ɗan waiwaya? Babu ɗan kasuwar da zai koma gida da dare ya ce wa iyalinsa yau mutum dubu biyar sun wuce ta ƙofar shagona, saboda haka an yi kasuwa. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Haka yawan mabiya shafi da masu danna alamar so. Akwai masu sayar da mabiyan bogi, ka biya kuɗi a cika maka shafi da sunayen da babu mutane a bayansu. Ko mabiyan na gaske ne, da yawansu matasa ne da suka zo don dariya, wasu kuma suna zaune a ƙasashen da kayanka ba za su taɓa isa ba. Taron tsintsiya ne, babu shara.

Shi ma WhatsApp yana da nasa sirri. Hoton da ka sa a wurin da ake kira sitatus awa 24 yake yi ya ɓace, kuma jerin waɗanda suka gani ba ya nuna mutanen da suka kashe alamar karanta saƙo a wayarsu. Saƙon da ka aika wa jama'a da yawa a lokaci guda ba ya isa sai ga waɗanda suka ajiye lambarka. Don haka mai cewa ya aika wa mutum 200, wataƙila rabinsu ba su ga komai ba.

Duk da haka akwai abubuwa uku masu amfani a cikin waɗannan rahotanni. Na farko, garuruwan da masu kallo suke. Idan kana sayar da siminti a Ƙonni amma yawancin masu kallon tallarka suna Legas, to kuɗinka na zuba a rariya, sai a gyara yankin da aka nufa da tallar. Na biyu, lokacin da mutane suka fi buɗe waya, domin ka san ko bayan sallar isha'i ya fi dacewa da sakin hoto ko da safe. Na uku, kuma mafi muhimmanci, yawan waɗanda suka aiko saƙo ko suka kira bayan sun ga tallar. Daga nan ne ciniki yake farawa.

Ginshiƙai biyar na shafin ɗan kasuwa

Ka ja layi biyar a tsaye a shafin kaye, kowace hanyar talla kuma ka ba ta layinta a kwance.

Gida na farko, abin da ka kashe. A nan ake yawan yaudarar kai. Kuɗin rediyo a fili yake, amma na intanet yana ɓuya cikin kuɗin mega, da ɗan abin da ake ba yaro mai ɗaukar hoto, da turmin da aka ba mai barkwanci kyauta, da ragin da aka yi wa masu saye. Duka talla ce, a rubuta.

Gida na biyu, yawan waɗanda suka yi tambaya, ko sun zo da ƙafa, ko sun kira, ko sun aiko saƙo.

Gida na uku, yawan waɗanda suka saya da adadin kayan da suka ɗauka.

Gida na huɗu, ribar da ta shigo hannu bayan an fitar da kuɗin tallar. A lura, wadda ta shigo hannu. Tallar da ta tara maka masu cin bashi ba ta kawo riba ba tukuna, sai ranar da suka biya.

Gida na biyar, waɗanda suka dawo suka sake saye.

Mu ɗauki misali, da lambobin da na ƙaga domin sauƙin fahimta kawai. A ce mai atamfa yana cin ribar jikka guda a kowane turmi. A wata ɗaya ya biya rediyo jikka 30, mutum 40 suka tambaya, 20 suka saya, turmi 45 suka fita. Ke nan kowane mai saye ya ci masa sefa 1,500, kuma bayan fitar da kuɗin tallar ya tsira da jikka 15. Ya biya Facebook jikka 20, mutum 80 suka aiko saƙo, 10 suka saya, turmi 14 suka fita. Kowane mai saye ya ci sefa 2,000, ya yi faɗuwar jikka 6. Ya ba mai barkwanci jikka 25, aka kalli bidiyo sau 40,000, mutum 15 suka tambaya, 5 suka saya, turmi 6 suka fita. Kowane mai saye ya ci jikka 5, faɗuwa jikka 19. A WhatsApp kuwa jikka 5 ya kashe wajen mega, mutum 30 suka tambaya, 20 suka saya, turmi 30 suka fita, ya tsira da jikka 25.

Wanda ya dubi waya kawai zai rantse cewa bidiyon ne ya fi aiki, alhali shi ne ya fi cin jari. Amma kada a yi gaggawar yanke hukunci, domin shafin yana da sauran magana. Masu saye ta WhatsApp yawancinsu tsofaffin abokan ciniki ne da ke da lambarka tun da, ƙila ko ba ka sa hoto ba za su zo. Hanyar tana riƙe na hannu, amma ba kasafai take kawo baƙo ba. Sannan a ce cikin mutum 10 na Facebook akwai wani ɗan sari daga Sakkwato da ya dawo wata mai zuwa ya ɗauki turmi 20, ya kuma ci gaba da zuwa. Faɗuwar jikka 6 ta koma riba ke nan. Wannan shi ne amfanin gida na biyar, kuma shi ya sa ba a auna talla da wata guda.

Har wa yau, tazarar da ke tsakanin gida na biyu da na uku tana nuna inda ciwo yake. Mutum 80 sun tambaya amma 10 suka saya. Tallar ta yi aikinta, ta kawo mutane bakin ƙofa, a ƙofar ne suka juya. Ko farashi ya yi tsada, ko yaron shago yana kwana biyu bai amsa saƙo ba, ko masu tambayar suna wancan ƙetare ba ka gaya masu yadda za su biya da yadda kayan za su isa gare su ba. Ƙara kuɗin talla ba zai warkar da wannan ba.

Ina ka ji labarinmu?

Duk wannan lissafi ya dogara ne a kan tambaya guda wadda ba ta cin ko dala: "Ina ka ji labarinmu?" Matambayi ba ya ɓata. Ka koya wa yaran shago su riƙa yi wa kowane baƙon fuska wannan tambaya cikin raha, lokacin da ake ɗaure masa kaya, su sa alama a gefen cinikin: R ga rediyo, F ga Facebook, W ga WhatsApp, B ga wanda ya ji daga bakin wani. Mai rubutun ajami ya sa nasa haruffa. Wanda ba ya rubutu ya ajiye gwangwanaye huɗu a ƙarƙashin tebur, kowanne da launinsa, duk mai sayen da ya amsa a jefa ƙwayar wake a gwangwanin da ya dace, ranar Juma'a a zazzage a ƙirga. Da yawa za su yi mamakin ganin cewa gwangwanin baki ne ke fara cika, wato gaskiya da kyakkyawar mu'amala sun fi kowace talla kawo mutane.

Akwai wasu dabaru. Idan wayarka mai layi biyu ce, ka ba rediyo lamba ɗaya, ka sa ɗayar a intanet, duk wadda ta yi ƙara ka san daga inda kiran ya fito. Kana iya sa mai karanta sanarwa ya ce duk wanda ya zo ya ambaci sunan shirin za a rage masa dala ashirin, ragin shi ne kuɗin da ka biya don ka san gaskiya. WhatsApp Business kuma yana ba da damar yi wa kowace hira alama, kamar sabon mai tambaya, wanda ya yi oda, wanda ya biya da wanda ake bi bashi. A ƙarshen mako ƙirga alamomin kawai za ka yi.

Amsar mai saye ba ta cika ɗari bisa ɗari. Wani ya ji a rediyo, ya ga hoto a wayar matarsa, sannan maƙwabci ya tabbatar masa, amma da ka tambaye shi abu na ƙarshe zai tuna. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Lissafi mai ɗan gyara ya fi tafiya cikin duhu.

Abin da ya keɓanta da bakin iyaka

Ɗan kasuwar iyaka yana da tarkon da na cikin ƙasa ba ya da shi, wato kuɗi iri biyu. Sefa tana ɗaure da kuɗin Turai a kan farashi tsayayye, euro guda sefa 655.957, ita kuwa naira tana hawa da sauka. A watan Yuni na 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki naira kasuwa ta yi mata farashi. Dalar Amurka da ake canzawa a hukumance a kan kimanin naira 460 ta haura naira 1,500 a watan Fabrairu na 2024. Wanda ke rubuta cinikinsa da naira a lokacin ya ga lambobi sun ninka, ƙila ya yi zaton tallarsa ce ta karɓu, alhali buhunan da ke fita ba su ƙaru ba. Saboda haka ka zaɓi kuɗi guda ka riƙa rubutu da shi, ka juya ɗayan bisa farashin ƴan canji na ranar da aka yi cinikin, kuma kullum ka rubuta adadin kaya kusa da adadin kuɗi. Buhu buhu ne, ko naira ta tashi ko ta faɗi.

Tarko na biyu shi ne ita kanta iyakar. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agusta na 2019, ba a sake buɗe Illela da Maigatari ba sai a watan Disamba na 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, iyaka ta sake rufuwa har zuwa watan Maris na 2024. A irin wannan lokaci babu tallar da za ta ƙetarar da mai saye, kuma ranar da aka buɗe, ciniki zai tashi ko ba a yi talla ba. Wanda ya gwada watan rufi da watan buɗi zai zargi wanda bai yi laifi ba, ya yaba wa wanda bai yi aiki ba.

Na uku shi ne lokaci. Atamfa da takalma suna tafiya a ƙarshen azumi, dabbobi gab da Layya, taki da iri a farkon damina, kayan aure bayan kaka lokacin da manomi ya sayar da amfani. Tunda Salla tana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, a gwada azumin bana da azumin bara, ba watan bature da watan bature ba. Haka kuma a gwada ranar kasuwa da ranar kasuwa: Larabar Ƙonni da Larabar da ta gabata, Lahadin Illela ko Jibiya da Lahadin baya, Alhamis ɗin Maigatari da takwararta.

Maganin waɗannan duka shi ne ɗan fili a ƙasan shafi, inda za ka rubuta abin da ya faru a makon: an yi ruwa ranar kasuwa, mai ya yi tsada, an tsaurara bincike a duwan, an biya albashi, maƙwabci ya karya farashi. Masu harkar hatsi da dabbobi suna da ƙarin ma'auni, wato rahotannin farashi da hukumar SIMA ke fitarwa game da kasuwannin amfanin gona, da na SIM Bétail game da kasuwannin dabbobi. Idan cinikinka ya sauka a makon da farashi ya tashi a ko'ina, to matsalar ta kowa ce, tallarka ba ta da laifi.

Abin da za ka nema daga wanda ka biya

Bari in fara da gidanmu. Ƙaramin gidan rediyo irin wanda nake aiki ba ya da na'urar ƙirga masu saurare. Mun san iyakar inda muryarmu ke kaiwa, mun san garuruwan da ake kiranmu daga cikinsu, amma duk ma'aikacin da ya ce maka mutum kaza ne suka ji sanarwarka, ƙiyasi ya yi. Abin da kake da haƙƙin nema shi ne takarda mai nuna ranaku da sa'o'in da za a sa tallarka da kuma sau nawa, sannan ka sa wani naka ya saurara ya tabbatar. A zaɓi lokaci bisa ga wanda ake nema: manomi da sassafe ko da dare, matan gida da hantsi, direbobi a kan hanya.

Yaron da ke kula maka da shafi kuwa, kada ka tsaya ga hoton allo da zai turo maka, domin ana iya gyara shi, ana kuma iya zaɓo mai daɗi a bar mai ɗaci. Ku zauna tare sau ɗaya a mako, ya buɗe shafin a gabanka, ya nuna maka kuɗin da aka cire, garuruwan da tallar ta je da saƙonnin da suka shigo. Shafin da lambar sirrinsa su kasance da sunanka da layin wayarka, don kada ranar da kuka ɓata ya tafi da kasuwarka a aljihu. Idan za ta yiwu, ku yi yarjejeniya irin ta dillali: wani abu kaɗan a wata, sauran kuma la'ada bisa ga masu sayen da ya kawo.

Idan ana biyanka ta kamfanonin aika kuɗi ko ta na'urar cirar kuɗi, ka riƙa ajiye takardun shaida ko saƙonnin da ke shigowa waya, ka gwada su da kaye a ƙarshen mako. Su ne shaidar da ba ta son kai. Lambobin wayar abokan ciniki kuma amana ce. Kada a sayar, kada a ba wani, kada a dame su da saƙo dare da rana har su toshe ka.

Kaye kullum, shafi mako-mako, hukunci wata-wata

Tsarin mai sauƙi ne. Kowace rana a rubuta ciniki da alamarsa. Ranar Juma'a bayan masallaci, ko duk ranar da shago ya fi sauƙi, a tara lambobin mako a shafi guda, aikin da bai wuce rabin awa ba. A ƙarshen wata a duba shafuka huɗu tare, amma kada a yanke wa wata hanya hukunci sai an ga wata biyu ko uku. Duba waya kowace sa'a don ganin ko masu kallo sun ƙaru ɓata lokaci ne, kamar manomin da ke tone iri kullum ya ga ko ya tsiro.

Idan za a yi gwaji, a sauya abu guda a lokaci guda. Wanda ya sauya hoto, ya rage farashi, ya kuma ƙara sa'ar rediyo duk a mako ɗaya, ko ciniki ya tashi ba zai san wanne ya tayar da shi ba. Gwaji mafi gaskiya shi ne dakatarwa: tsayar da hanya guda mako biyu ko uku a lokacin da babu Salla babu rufin iyaka, ka ga ko masu tambaya sun ragu. Idan babu abin da ya sauya, ka san inda za ka tsimi kuɗinka.

Shi Alhajin da na fara da labarinsa, gwangwanaye ya ajiye, domin ya ce ya fi yarda da wake a kan waya. Bayan wata uku ya dawo tare da ɗansa da kaye a hannu. Ya rage sanarwar da muke yi masa da rana, ya bar ta daren Talata kawai, wato jajibirin kasuwa, domin ita ce ya ga tana kawo mutanen ƙauye. Mai barkwanci an sallame shi. Ɗan kuma ya ci gaba da kula da WhatsApp da Facebook, bisa sharaɗin kada saƙo ya kwana ba a amsa ba. Gidan rediyonmu ya yi asarar wani ɓangare na kuɗin da yake samu daga wurinsa, kuma ban ji daɗin hakan ba a ranar. Amma har yau yana biyan ta daren Talata ba tare da an je roƙonsa ba, ya kuma turo mana maƙwabtansa biyu.

Arziki na Allah ne, babu mai musun wannan, amma an umarce mu da mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali. Ɗan kasuwar da ke ƙirga canjinsa har dala guda bai kamata ya zuba jikkuna a talla ido rufe ba. Allah ya sa albarka a kasuwanninmu, ya zaunar da iyakokinmu lafiya, ya ba kowa halalinsa, amin.